Teɓar Da A Ke Komowa Da Ita Daga Kurmi

Duk wanda ya taso daga Ikko ko Badun ko Anaca zai je Bauchi ta hanyar Jos, to sai ya ratsa Miri kafin ya shiga birni. Idan babbar salla ta gabato, a nan bakin titi a kan ga motoci suna tsayawa suna sauke 'yan garin da suka yi shekara a kurmi, kowa da jakarsa da jarkar manja da ƙullin goro na tsaraba. Kafin mutum ya kai ƙofar gida an riga an gama duba shi tsaf. In ya komo wuya ya cika, ciki ya turo riga, sai a ce, "Kai, Alhaji, lalle Ikko ta karɓe ka." In kuwa ya komo siriri kamar yadda ya tafi, gyatumarsa ba za ta sami barci ba sai ta ja shi ɗaki ta tambaye shi ko lafiya, ko kuwa sana'ar ce ta ƙi.

Ba a Miri kaɗai a ke haka ba. Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar ƙiba alamar wadata da kwanciyar rai, kuma yana da hujjarsa. A ƙasar da rumbu kan ƙare kafin sabon hatsi ya nuna, mai jiki shi ne wanda rumbunsa bai ƙare ba. Rama kuwa an san ta tare da tarin fuka da gudawa da bashi, daga baya ƙanjamau ya zo ya ƙara mata baƙin jini. Sai dai likitoci suna duban wannan teɓa da wani ido dabam, domin su ne ke karɓar mai ita bayan shekara goma ko goma sha biyar, ƙafa ta ruɓe da ciwon sukari, ko ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta daina aiki. Kafin a kai mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin wannan hali, galibi an riga an sayar da gona ko shago, abin da aka yi shekaru a na tarawa a kudu ya tafi a magani.

Ita kanta Miri ta sāke. Kafin Bauchi ta zama hedkwatar jiha a 1976, ƙauyen manoma ce a wajen gari, mutum ya tashi da asuba ya yi noma har azahar, mata su yi daka da surfe da ɗiban ruwa, mai zuwa kasuwa a birni ya taka da ƙafa ko ya hau keke. Yanzu birni ya miƙo ya tarar da ita. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur da Keke Napep sun karɓi aikin ƙafa, kuma ɗan tireda na kan kwana yana da lemon kwalba da biskit da taliyar leda. Amma yunwa ba ta tafi ba. A gida guda a kan sami uwa mai ƙiba tana goye da yaron da ya tsumbure.

YADDA A KE AUNAWA

Likitoci ba da ido su ke cewa wane ya yi ƙiba ba. Akwai lissafi. A kan auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da aka samu. In amsar ta kai 25, nauyi ya wuce kima. In ta kai 30, ita ce ƙibar da a ke ɗauka cuta. Alal misali, mutum mai tsawon mita 1.70, da zarar ya haura kilo 72 ya shiga sahun farko, in ya kai kilo 87 ya shiga na biyu.

Bisa wannan awo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙiba, watau fiye da mutum biliyan ɗaya, kuma tun daga 1990 abin ya ninka fiye da sau biyu a tsakanin manya, a tsakanin matasa kuwa sau huɗu. A nan gida, binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, alhali a 2003 kashi 21 ne. A birane kashi 36 ne, a karkara 21. Jihohin kudu kuma sun ninka na arewa maso gabas fiye da sau biyu.

Wannan bambanci na birni da ƙauye shi ya fi shafar ɗan ci-rani, domin shi ne mutumin da ya ɗauki jikinsa daga wani wuri ya kai wani. An yi wani babban bincike a kan mutanen Gana, aka bayyana sakamakonsa a 2016. An auna waɗanda ke ƙauyukan Gana, da na biranenta, da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Turai. A cikin maza, mai ƙiba a ƙauye kimanin ɗaya cikin 100 ne, a birni bakwai, a Landan 21. A cikin mata kuwa takwas ne a ƙauye, 34 a birni, 54 a Landan. Jini ɗaya, asali ɗaya, wurin zama kawai ya bambanta. Likitoci a Sakkwato ma sun duba Fulanin karkara da na birni, suka tarar masu ciwon sukari a karkara ba su kai ɗaya cikin 100 ba, a birni kuwa sun kusa biyar.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ba ya bukatar a gaya masa abin da ke sākewa. Saurayin da ya saba da huɗa da girbi, in Allah ya buɗa masa ya zama ɗan canji ko dillalin shanu ko mai rumfar goro a Shagamu, to daga safe zuwa dare a zaune ya ke a kan benci. Direban tirela da ɗan acaɓa da mai gadi su ma zama ne aikinsu. Iyali suna gida, ba mai tuƙa masa tuwon dawa da miyar kuka. Da safe teburin mai shayi, madara gwangwani guda, sukari cokali huɗu ko biyar, rabin burodin Agege an shafe shi da bota. Da rana teba da miyar da manja ya yi mata rufi, a kora da lemo mai sanyi. Da dare indomi da ƙwai, ko tsire da ƙuli. Masu barkwanci kan ce tsakanin teba da teɓa ɗan lanƙwasa ne kawai a kan harafi, kuma ba su yi ƙarya ƙwarai ba.

Kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar cokali 12 a yini gaba ɗaya, in da hali ma ya tsaya a shida. Watau kwalba ɗaya ta cinye rabon yini, ba a ma zo kan shayi ba. Kuma abin da aka sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna. A 2019 wasu masana a Amurka sun ajiye mutum 20 a asibiti, mako biyu a na ba su abincin masana'anta irin na leda da gwangwani, mako biyu kuma abincin da aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iya son ransa. Lokacin abincin masana'anta sai ga shi a matsakaici mutum yana ƙara cin kimanin kalori 500 a yini ba tare da ya lura ba, nauyi ya hau da kusan kilo ɗaya. Da aka koma ɗaya abincin sai kilon ya sauka.

DON ME WANI KE ƘIBA WANI BA YA YI?

To, a nan ne gardama ta kan tashi a majalisa. Ga mutum biyu ɗaki ɗaya, sana'a ɗaya, kwano ɗaya su ke sa hannu, ɗaya ya yi tumbi ɗaya yana nan kamar sanda. Sai a yanke hukunci a ce mai tumbin haɗama gare shi, ko kuwa rago ne. Binciken shekaru arba'in da suka wuce ya nuna wannan hukunci zalunci ne.

Da farko akwai gado. A ƙasar Denmak a kan rubuta sunan iyayen duk yaron da aka ba da riƙo, saboda haka a 1986 wani likita Ba'amurke mai suna Albert Stunkard da abokan aikinsa suka bi sawun mutum 540 da suka tashi a hannun mariƙa. Suka tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na waɗanda suka ciyar da su ba. Duk Bahaushen da ya san 'ya'yan riƙo zai iya tuna irin wannan a danginsa. A Kanada kuma an tara samari tagwaye masu kama ɗaya, tagwaye goma sha biyu, aka riƙa ɗura musu ƙarin kalori 1,000 a yini, kwana shida a mako, har kwana 100. Da aka bayyana sakamakon a 1990, wani ya ƙara kilo huɗu kacal, wani kuwa kilo 13, alhali ƙarin abincin daidai ya ke. Abin lura shi ne kowane Hassan ya yi kusa da Husaininsa wajen yawan abin da ya ƙara da kuma inda kitsen ya taru. Masana suna ƙiyasta cewa tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100 na bambancin jiki da ke tsakanin mutane daga gado ya ke.

Amma mene ne a ke gada? Amsar ta fito ne daga wani ɓera. A 1949, a wani ɗakin bincike a Amurka, aka haifi ɓeraye masu cin abinci ba ƙoshi, har su ninka 'yan'uwansu nauyi sau uku. An yi shekaru a na neman dalili, sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya gano shi. Ashe kitsen jiki ba kaya ne kawai da aka jibge ba. Yana fitar da wani sinadari cikin jini, wanda aka sa wa suna leftin, shi kuma ya tafi can ƙasan ƙwaƙwalwa ya kai rahoton yawan ajiyar da ke jiki, kamar yaron da maigida kan aika ya leƙo rumbu. In rahoto ya ce rumbu cike ya ke, ƙwaƙwalwa ta sassauta yunwa. In ya ce ya yi ƙasa, ta tsananta ta, ta kuma rage yawan abin da jiki ke ƙonawa. Waɗancan ɓeraye ba su da ɗan aiken ne sam, saboda haka ƙwaƙwalwarsu kullum tana zaton yunwa za ta kashe su.

A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka sami irin wannan a cikin mutane, wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu daga Pakistan. Yarinyar tana da shekara takwas nauyinta kilo 86, yaron shekara biyu kilo 29. Kullum cikin kukan yunwa su ke. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin sai cin ya daidaita, jiki ya sauka. Ba tarbiyya ce ta rasa ba, sinadari ne.

Irin waɗannan yara ba su da yawa a duniya. Yawancin masu ƙiba suna da leftin har ya yi yawa, sai dai ƙwaƙwalwar ta daina sauraron ɗan aiken yadda ya kamata. Akwai kuma wasu 'yan aiken. A 1999 masana a Japan sun gano girelin, wanda ciki ke fitarwa in ya zama wayam, shi ne mai tada yunwa kafin lokacin abinci. Hanji ma yana da nasa masu cewa an ƙoshi. Abin da a ke gada shi ne ƙarfin waɗannan saƙonni da yadda ƙwaƙwalwa ke amsa su. Wani ya ci malmala ɗaya ya ji ya cika, wani sai ya ci biyu, kuma duka biyun gaskiya su ke faɗa. Lokacin da kowa ke noma, abinci kuma ƙwaya-ƙwaya, wannan bambanci ba ya fitowa fili, domin ba a sami abin da za a yi ƙibar da shi ba. Birni ne ke tona shi.

Mafi wuyar al'amarin shi ne, da zarar jiki ya saba da wani nauyi sai ya riƙa kāre shi kamar dukiyarsa. A 1995 masana a Rockefeller sun nuna cewa wanda ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, jikinsa kan rage ƙona abinci fiye da yadda raguwar ta isa ta sa, watau ya shiga tsimi. A 2011 kuma a Melbon ta Ostareliya an bi mutanen da suka zubar da kimanin kilo 13 cikin mako goma, aka tarar bayan shekara guda cur sinadarin yunwa yana nan sama, na ƙoshi yana ƙasa. Shi ya sa mutum zai rame da azumi, kafin babbar salla ya koma yadda ya ke har da ƙari, ya riƙa zargin kansa da rashin zuciya. Ba shi kaɗai ke kokawar ba, da jikinsa ya ke yi.

YUNWAR ƘURUCIYA

Akwai wani sashe na wannan ilmi da ya kamata kowane ɗan Arewa da ke kudu ya sani, don shi ya fi kusa da shi.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus sun toshe hanyar abinci zuwa yammacin Holan, aka yi yunwa mai tsanani ta wasu watanni. A 1976 aka duba takardun samari kusan 300,000 da aka auna lokacin ɗaukar soja. Sai aka ga waɗanda yunwar ta sami uwayensu a farkon ciki sun fi sauran yawan ƙiba. A ƙasar nan ma an ga haka. Likitocin Inugu tare da na ƙasar Suwidin sun auna mutum 1,339 a kasuwannin Inugu, suka bayyana a 2010 cewa waɗanda aka yi cikinsu ko aka haife su a cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da hawan sukari da faɗin ƙugu, shekara arba'in bayan an ajiye bindiga.

Bayanin da masana ke bayarwa shi ne, ɗan tayi da jariri suna gina jikinsu ne gwargwadon abin da ke iso musu. In abinci ya yi ƙaranci, jiki ya kan fifita ƙwaƙwalwa, ya tauye tsoka da ƙoda da gaɓar da ke sarrafa sukari, ya kuma koyi ɓoye duk abin da ya samu. Wannan dabara ce mai kyau ga wanda zai ƙare rayuwarsa cikin rashi. Amma in wannan jiki ya girma ya faɗa cikin shayi mai kauri da lemo da zaman benci, sai kaya su fi ƙarfin jaki.

To, a binciken 2018 ɗin nan, fiye da rabin yaran Jihar Bauchi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Waɗanda aka haifa lokacin farin 1973 da na 1984 kuwa, su ne magidantan da ke riƙe da kasuwannin Mil 12 da Bodija da Shasha a yau. Mutumin da ya tashi a Miri ko Zungur ko Liman Katagum da kunu da safe, tuwo da dare, wani lokaci ma babu, sa'an nan ya sami buɗi a kudu yana ɗan shekara talatin, shi ne ainihin wanda wannan bayani ya ke nufi. Teɓar da a ke yi masa barka da ita ta fi zama haɗari a gare shi bisa ga wanda ya tashi cikin wadata.

BA DUK KITSE NE ƊAYA BA

Kitsen cinya da na ɗuwawu da sauƙi. Mugun shi ne na tumbi, wanda ke can ciki yana naɗe hanji da hanta. Yadda abin ke tafiya shi ne, duk tuwo ko shinkafa ko burodin da aka ci, jiki kan mai da shi sukari ya zuba cikin jini. Wata gaɓa da ke kwance bayan ciki sai ta fitar da sinadarin insulin, wanda ke buɗe ƙofofin tsoka da hanta sukarin ya shiga. Kitsen tumbi yana sa ƙofofin su yi tauri. Gaɓar ta yi ta ƙara ƙoƙari shekara da shekaru, ran da ta gaji sai sukari ya taru a jini. Daga nan sai yawan fitsari da ƙishirwa, gani ya dushe, ƙafa ta riƙa yin kamar a na tsira mata allura, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, namiji kuma ƙarfinsa ya ragu. Wannan na ƙarshe shi ke kai da yawa wurin masu maganin gargajiya na bakin tasha, a yi ta shan jiƙo da zuma, alhali sukari ne ke cin jijiyoyi. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta masu ciwon a Nijeriya sun kai miliyan 3.6 a 2021, ta kuma ce a Afirka fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba.

Bayan wannan ga hawan jini, ga ciwon gwiwa har mutum ya koma salla a kan kujera, ga minshari mai yanke numfashi da dare wanda ke sa direba gyangyaɗi a kan sitiyari. Ga mata kuma akwai wahalar samun ciki da wahalar haihuwa.

Maganar mata ta kawo wani abin takaici. Yayin da wasu ke neman yadda za su rage, wasu kuɗi su ke biya su saya. A Bauchi da Kano da sauran garuruwa, har da unguwannin Hausawa na kudu, a na sayar wa 'yan mata da amare ƙwayoyin da a ke kira sha-ka-fashe, don a ciko kafin biki. Da yawansu deksametason ne, maganin da likita ke bayarwa na ɗan lokaci saboda asma ko kumburi. Abin da ya ke kawowa ba lafiya ba ce. Fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki da doron wuya su tara kitse, hannu da ƙafa su sirance, fata ta tsage, ƙashi ya yi rauni, sukari da jini su hau. Wadda ta daɗe tana sha kuma ba a so ta bari farat ɗaya, domin jiki ya riga ya daina yin nasa sinadarin, tana iya faɗuwa. Sai dai likita ya riƙa rage mata sannu a hankali. Mazan da ke yi wa matansu gorin rama suna da hannu a wannan ciniki.

ABIN DA KE YIWUWA

Tun da jiki yana kāre nauyin da ya saba da shi, hana hawa ya fi saukarwa sauƙi nesa ba kusa ba. Saurayin da ya zo kudu bana, shi ne ke da babbar dama. Amma wanda ya riga ya yi ma ba a ce sai ya koma kamar yadda ya ke yana saurayi ba. Wani bincike a Amurka da ya ƙunshi mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari ya nuna a 2002 cewa waɗanda aka sa su rage kimanin kashi bakwai cikin 100 na nauyinsu, suna kuma tafiya da sauri minti 30 kwana biyar a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo shida ke nan. A bar lemo, a rage sukarin shayi, a rage malmala a ƙara wake da ganye, a taka zuwa masallaci da kasuwa maimakon hawa babur, wannan kaɗai ya isa ya kawo kilo shida ga mutane da yawa. Zogale da rama da kuka da kuɓewa duk suna nan a Mil 12, 'yan Arewa ne ma ke kawo su.

Wanda ba shi da sikeli, igiya ta ishe shi. Ya auna tsawonsa da ita daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai wajen cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, tumbi ya wuce rabin tsawo, lokaci ya yi da zai je a auna masa jini da sukari ko da ba ya jin ciwon kome.

Ilmin sinadaran nan ya haifar da sababbin allurai masu kwaikwayon saƙon ƙoshi na hanji, irin su Ozempic da Wegovy, a na yi sau ɗaya a mako. A gwajin da aka bayyana a 2021, masu yin allurar sun zubar da kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma da aka tsayar, kashi biyu cikin uku na abin da ya zube ya dawo cikin shekara guda. Tsadarsu ta fi ƙarfin talaka, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa akwai na jabu a kasuwa.

Gwamnati ma tana da nata. A dokar kuɗi ta 2021 an sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma naira 10 ba ta hana kowa sayen kome. Titunan Ikko da na Bauchi an yi su ne don mota, mai tafiya da ƙafa sai ya yi ta tsallen kwata. Ƙaramin asibitin unguwa da ba shi da na'urar auna sukari ba zai gano mai ciwon ba sai ya faɗi. Sarakunan Hausawa na zango-zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, waɗanda kan tara kuɗi a kai gawa gida, za su iya tara kaɗan daga ciki su kawo ma'aikacin lafiya ya auna jama'a bayan sallar Juma'a sau biyu a shekara.

Saura kuɗin da a ke aikawa gida. Likitocin yara suna cewa kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, a nan a ke gina jikin da zai ɗauka har tsufa. Magidancin da ya bar mata da ciki ko da goyo a Miri, in zai yi aike, gara ya ce a sayi wake da gyaɗa da ƙwai da busasshen kifi, ta riƙa zuwa awo, ta shayar da nono zalla wata shida, da ya aiko da katan ɗin lemo da biskit a raba wa yara ranar salla.